Kwamfutar da Aka Saya da Bijimi Ɗaya

Daga gadar da ta raba Kusri ta Kamaru da Injamena na hau babur ɗin haya, wanda su a can suke kira kilando, na miƙa wa mai babur takardar kwatance. Bai ɓata ba, har ƙofar shagon ya sauke ni a unguwar Ridina. Shago na nan, da kwaɗo biyu a jikin ƙofarsa. Mutumin da ya kira ni tun daga Kano, wai zai buɗe gidan intanet yana neman wanda ya iya haɗa kwamfuta, shi ne babu. Na tambayi mai shayin da ke gefe, ya buɗe tafin hannu ya ce, "Ma fi," wato babu. Na tambayi tela, shi ma haka. Sai daga baya na ji cewa tun kafin in taso ya sayar da kayan ya yi kudu, wajen da ake haƙar mai. Ko saƙon baki bai ga ya dace ya aiko mini ba.

Kwana uku na yi a barandar wani masallaci, ni da jakata da sukundirebobina. Ba na jin Larabcinsu, Faransanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Ni da a layinmu ake ce mini Injiniya, sai ga ni ina nuna burodi da yatsa kafin a ba ni. Wallahi na yi kewar gida. Abin da ya fi damuna ma shi ne na riga na cika wa mahaifiyata baki cewa ba zan dawo hannu rabbana ba.

A rana ta huɗu ina wucewa ta rumfunan mahauta na ji wani yana cewa, "Kai, wannan ƙashin wa ka bar wa?" Na tsaya cak. Dattijo ne dogo, da farin gemu da wuƙa a hannu, yana yi wa mai taya shi aiki faɗa. Na yi ta kallonsa kamar wawa, har ya gaji ya juyo.

"Nama za ka saya, ko ni za ka saya?"

"Baba, Hausa na ji," na ce.

Sunansa Baba Idi. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya nan ya huta, hutun da har yau ba a gama ba. Hausarsa rabi Larabci ce, amma a kunnena ranar ba abin da ya kai ta daɗi. Da ya ji labarina ya girgiza kai, ya sa aka gasa mini hanta, da yamma kuma ya tasa ni gaba zuwa gidansa a Amrigebe. Matarsa, Inna Hajara, ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo tuwon gero da suke kira esh da miyar busasshiyar kuɓewa. Ba wanda ya tambaye ni yaushe zan tafi.

Na zauna. Da safe in bi Baba kasuwa in wanke tebur, da rana in gyara rediyon maƙwabta. Da suka gane hannuna yana yi, har da talabijin ake kawowa. Baba ya ji sunan da ake kirana da shi a gida, daga ranar ya kama shi da zolaya: "Injiniya, miƙo buta."

Akwai ɗaki ɗaya a gidan da labulensa kullum a sauke yake. Ana shiga da abinci, a fito da shi kusan yadda aka kai. Na yi sati biyu kafin Inna ta gaya mini, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago kai ba. Babban ɗansu ne a ciki, Abakar, direban babbar mota mai zuwa Ngawundere ta Kamaru. Motar ta kife da shi a damina, bayansa ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya juya fuska ga bango. Wata takwas bai leƙo ko tsakar gida ba. Abokansa direbobi sun yi ta zuwa har sun gaji, magana kuwa sai "i" da "a'a".

"Ƙafar, mun bar wa Allah," Inna ta ce. "Amma yaron nan a zaune yake ƙarewa. In bai fito daga ɗakin nan ba, gawarsa za a fitar."

Ranar da na fara shiga ɗakin, rediyonsa aka ce in duba. Na yi sallama, ya amsa a ciki-ciki, bai juyo ba. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya girme ni da kusan shekara biyar, amma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina cikin kwance rediyon wata tirela ta wuce ta babban titi tana nishi. Sai na ga hannunsa na dama a kan tabarma ya motsa, ya ja baya, ya tura gaba, daidai lokacin da direban can ya canza giya. Bai ma san yana yi ba.

Da la'asar na samu Baba yana shan shayi, na ce masa akwai wasa na kwamfuta da ake tuƙa babbar mota a ciki, da hanya da gangare da kaya a baya, kuma ana samun sitiyari na roba da ake haɗawa, mutum ya riƙe ya murza.

"Wasa?" in ji shi. "Namiji mai shekara talatin?"

"Baba, hannunsa bai manta mota ba. Na gani da idona."

Bayan kwana biyu, muna hanyar kasuwa, ya ce, "Na ware bijimi ɗaya. Abin da ya kama, shi ke nan, babu na biyu. Kai ka san wannan ƙarfen, ni ban sani ba."

To, a nan ne fa aka taɓo inda nake ji da kaina. Kwamfutar wasa ba kamar ta ofis ba ce da za a ɗauko kowace a ajiye. Abin da ke jan motar a kan gilashi shi ne katin hoto, wani allo mai ƙaramar fanka a jikinsa, kuma shi ne ya fi komai tsada. Sai madabod, babban allon da komai ke hawa kansa, da ƙwaƙwalwar da ake dasa masa, da ram mai riƙe aikin da ake kan yi, da akwatin wuta da ke raba wa kowa lantarki. Kayan nan kuwa a Injamena tsadarsu ta wuce hankali, don komai sai ya ratso Kamaru ko ya zo ta jirgi. Bijimin Baba ba ƙarami ba ne, amma da na zagaya shaguna na gane ba zai ɗauki sababbi duka ba. Na yanke cewa gangar jikin kwamfutar da allon kallo tsofaffi zan saya, irin masu ƙaton ƙeya da ofisoshi ke fitarwa. Lasifika ba sai an saya ba, ta rediyon Abakar ta isa. Kibod ko wane iri ne. Katin hoto kuwa sabo dal, a nan zan zuba ƙarfina.

A wani lungu na babbar kasuwa na ci karo da wani saurayi mai shagon kayan kwamfuta. Ina buɗe baki da guntun Larabcina ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan'uwa, yi Hausarka mana, ai daga ganin hular na san na gida ne." Hausar Kano tsantsa. Ya san unguwarmu, ya san mai ƙosan bakin tasha. Ya sa aka kawo mini zoɓo mai sanyi, muka yi ta hirar gida har na manta abin da ya kawo ni. Sannan ya ɗauko wani kwali mai sheƙi a naɗe da leda, ya ce da shi aka ajiye wa wani babban mutum, amma jini ya fi. Ban ce a buɗe ba. Ban ce a gwada ba. Ni da na shekara biyar ina wannan sana'a, na miƙa kusan rabin bijimin Baba saboda an ambaci mai ƙosan bakin tasha.

Wani mai shago ya ara mini kwamfutarsa na sa katin. Minti goma na farko lafiya lau. Da ya ɗauki zafi sai layuka kore da ja suka cika gilashin, daga nan ɗif. Na ciro shi na duba a hasken rana, ga tabon dalma nan inda aka taɓa gyarawa. Na koma wajen ɗan'uwan nawa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni na ƙona shi, kuma da Larabci ya faɗa.

Ba yadda na iya, na tunkari Baba da zancen. Ya saurara har na gama, yana wasa wuƙa.

"Wa ya tsaya maka damin?"

"Damin kuma?"

"Tabɗi. Ka ga abin ya yi tafiya kafin ka biya?"

"A kwali yake, Baba. Sabo ne."

"Injiniya," ya ce, "ko ɗan akuya ba na saye a cikin buhu."

Ya yi mini bayani. A kasuwar shanu ta garin ba a ciniki tsakanin mutum biyu kawai. Dole sai da damin, wato sanannen mutum da zai tsaya ya ce dabbar nan ya san mai ita, ba ta sata ba ce, in kuma wani abu ya ɓullo shi za a nema. Bayan haka mai saye ya tayar da dabbar, ya sa a kora ta, ya ga takunta, ya buɗe bakinta, ya saurari numfashinta bayan ta yi gudu. Na ce ko za mu je mu kama saurayin nan. Ya ce ba shaida, ba damin, wa za a kama? Shi ma a ƙuruciya ya taɓa sayen saniya mai ciwon huhu saboda mai ita ya iya gaisuwa. "Wancan ya tafi," ya ce. "Saura nawa ne bai tafi ba, shi za mu duba."

Washegari ya bar rumfa a hannun mai taya shi, ya sa babbar riga, ya ɗauki sandar da yake zuwa kasuwar shanu da ita. Ya kai ni wajen wani mai gyaran kwamfuta, Naji, mutumin kudu, Kirista, wanda ya shekara goma yana sayen nama a wajensa. Suka gaisa da Larabci tsawon lokaci, Baba ya ce masa, "Yau kai ne damin ɗina." Naji ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya ji labarin Abakar sai ya rufe shagonsa ya biyo mu.

Naji ya rushe mini tsarina tun a hanya, Baba yana fassara. Ya ce ni ina tunanin kati, shi yana tunanin wuta. Lantarkin garin nan in ya tafi ya daɗe, in ya dawo kuma da ƙarfi yake dawowa, janareton maƙwabta da za mu jona ma ba shi da tabbas. Duk wanda ya sayi kati mai tsada ya haɗa da akwatin wuta mai arha, to ya sayi hayaƙi. Da muka isa wani shago ya ɗauko akwatin wuta biyu ya ɗora mini a hannu. Ɗaya shafal, ɗayan da nauyi. Ya ce mai nauyin za mu ɗauka, da na'urar daidaita wuta, sannan abin da ya rage a nemi tsohon kati mai lafiya. Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa, kuma na san ta tun kafin ya faɗa.

Ranar masu shagunan kwamfuta suka ga ciniki irin na mahauta. Baba ya zauna a kan benci ya ce ba za a biya ko sisi ba sai abin ya yi tafiya. Aka haɗa kayan a kan tebur tsirara, aka sa kati na farko, aka kunna wasa. Baba ya kara kunne kusa da fankar ya ce, "Wannan tari take yi." Muka yi dariya, amma da Naji ya saurara sai ya ce a cire, ƙafar fankar ta ci. Aka sa na biyu. Baba ya ce a rufe taga, a kashe fankar shagon, a bar shi ya yi gudu a cikin zafin. Watan zafi ne kuwa, irin wanda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Tun azahar muke zaune muna zuba gumi, mai shago yana ta ƙunƙuni, Baba kuwa lokaci-lokaci ya kai bayan hannunsa kusa da katin ya ji ɗuminsa. Sai da aka kira la'asar ya ce, "Yanzu na ga numfashinsa." Naji ya sa hannu a ƙirji ya ce ya tsaya wa katin nan wata uku. Aka yi musabaha.

Saura sitiyari, kuma duk kasuwar babu. Naji ne ya yi ta cigiya har bayan kwana biyar ya samo wajen wani kuku da ubangidansa Bature ya bar wa tarkace da zai koma ƙasarsu. Ragowar da ke hannunmu ba za ta isa sitiyarin da batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta ba, sai dai ɗaya. Ban yi dogon tunani ba. In wuta ta tafi a jira ta, amma direba ba a ba shi kibod a ce ya tuƙa. Naji ya ƙara mana ram guda daga aljihun teburinsa, ya ce kyauta ce ga mara lafiya.

A zaure na haɗa ta, kwana biyu ina yi. Na bar gefe ɗaya na gangar jikin a buɗe saboda zafi, na ajiye ta kusa da randar Inna, ginin ƙauyen Gawi, inda ƙasa ke da sanyi. Ta tashi. Na zauna na gwada da kaina, na ɗauko kaya na hau gangare na sauka, motar tana tafiya sumul ba ta ko tsinkewa. Kai, ranar na ji ni Injiniya ne na gaske. Baba ya tsaya a bayana yana cewa, "A hankali, za ka kashe mutane."

Bayan la'asar muka kwashi kayan zuwa ɗakin Abakar. Aka jingina shi da matasai, aka kawo ƙaramin tebur gabansa. Yana kallonmu, bai hana ba, bai kuma tambaya ba. Na ɗaure sitiyarin a bakin tebur. Na jona wayoyi. Sannan na ɗauko faifan da totur da birki ke jiki, na durƙusa na ajiye shi a ƙasa, daidai gaban ƙafafunsa.

Sai da na ajiye na ga abin da na yi.

Ƙafafun na nan a miƙe a kan tabarma, sirara, yadda aka ajiye su tun safe. Na yi ta taka abin nan da ƙafata a zaure ina jin daɗi, Baba yana kallo, Naji ma ya gani, ba wanda ya tuna a cikinmu. Inna, da ke bakin ƙofa, ta saki labule ta tafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na fara in-ina, wai ai ana iya sa totur ɗin a kibod, wai ba dole ba ne.

"Ɗago mini shi," in ji Abakar.

Ban taɓa jin ya haɗa kalma uku ba. Na ɗago faifan na ɗora masa a cinya. Ya juya shi, ya danna totur da tafin hannu, ya danna birki, ya sake dannawa.

"Birkin nan ya yi laushi," ya ce. "Wa ya ƙera wannan, bai taɓa sauka gangare da lodi ba." Ya shafa shi. "Akwai wani direba a Ngawundere mai ƙafa ɗaya. Sanda ya sa aka haɗa masa a gefen sitiyari. In ya tura, birki. In ya ja, wuta." Ya ɗago ido ya dube ni karon farko. "Kana da biro?"

A bayan kwalin katin bogin nan ya zana mini. A ɗaure faifan a ƙarƙashin tebur, a yi ƙarfe mai lanƙwasa da ƙusa a tsakiya, hannu ɗaya na sitiyari ɗaya na sanda. Washegari na kai wa mai walda na bakin titi. Ni ba Larabci, shi ba Hausa, sai nuni da hannu. Ya ƙero wani abu, na kawo. Abakar ya gwada ya ce ya yi gajere, kuma lanƙwasar a baibai take. Ranar ya cinye abincinsa yana mita. Na koma, aka sake, na dawo. Wannan karon ƙusar ce aka sa a inda ba nan ba, sandar tana danna totur da birki lokaci guda.

Ai kuwa sai ya fashe. "Wai kai wane irin injiniya ne? Ƙarfe ɗaya! Ƙarfe ɗaya tal ya gagare ka, kwana biyu!" Muryarsa har tsakar gida, kaji suka watse. Ya jefar da ƙarfen a kan tabarma. "Ina amalanken da ake kai nama? Ku ɗauke ni ku kai ni wajen mai waldar nan, ni zan nuna masa da kaina."

Ba mu ɓata lokaci ba, kada ya canza shawara. Na ruga na wanke amalanken na shimfiɗa darduma. Inna ta fito da farar rigarsa ta Juma'a da hula, ta sa masa. Ni da Baba muka ciccibe shi. Da muka fito ƙofar gida hasken rana ya buge shi, ya kare ido da hannu, bai ce a koma ba. Na tura amalanken a hankali. Masu shago suna miƙewa, mata suna leƙowa ta katanga, wani tsoho ya biyo mu yana ta jero gaisuwa. Abakar ya amsa biyu uku, sannan ya ce mini in daina bin ramuka, ko amalanke ma ban iya tuƙawa ba.

A wajen mai walda ya karɓe zancen gaba ɗaya. Yana daga zaune yana nuni da ƙarfen, yana faɗa da Larabci, mai walda yana ramawa, mutane sun taru kowa da shawararsa. Wani direba da ya tsaya gyaran salansa ya gane shi, ya yi kabbara ya rungume shi, nan da nan suka shiga gardamar hanya. Ni dai na koma gefe, ba mai bukatata.

Baba yana tsaye kusa da ni, ya juya wa taron baya, yana goge fuska da gefen rawaninsa kamar gumi ne ya dame shi. Ya daɗe a haka. Can ya matso, ya rage murya.

"Injiniya," ya ce, "ƙarfen nan, in da hali, gobe ma ka sake ɓata shi."